Sigina cike amma Wi-Fi na tafiyar hawainiya: wane saiti zan taɓa a AP takwas?

Ƙanin_Kowa:

Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Ina neman shawara kan Wi-Fi na ɗakin kwanan ɗalibai. Bene ne mai hawa biyu, ginin bulo da rufin kankare, ɗaki 20 a kowane hawa, da doguwar baranda a tsakiya. AP, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, takwas ne, huɗu sama huɗu ƙasa, duk a silin ɗin baranda. Kowace tana da zangon 2.4 da na 5 GHz, kuma duk suna shan wuta ta kebul daga suwic ɗaya mai PoE. Layin intanet 200 Mbps ne, in an jona kwamfuta da kebul ana samun kusan hakan. Da daddare wayoyi da kwamfutoci sukan kai 250 ko su wuce.

Saitin da ke kai yanzu: zaɓin tasha an bar wa na'ura, ƙarfin watsawa yana ƙarshe, faɗin tasha 40 MHz a 2.4, 80 MHz a 5. SSID, wato sunan Wi-Fi da waya ke gani, huɗu ne: na ɗalibai, na ma'aikata, na baƙi, da na kyamarori. Tsaro WPA da WPA2 a gauraye, hanyoyin kulle bayanai na TKIP da AES duk a kunne. Adireshi 192.168.1.0/24 ne, kuma wa'adin DHCP, wato lokacin da na'ura ke riƙe adireshin da aka ba ta, kwana ɗaya.

Abubuwan da ake kuka da su: layukan sigina cike suke amma shafi ba ya buɗewa bayan isha'i. Waya takan liƙe wa AP ɗin ƙasa ko da mai ita ya hau sama. Kiran WhatsApp yana yankewa in ana tafiya a baranda. Wasu wayoyin suna tsayawa a neman adireshin IP su ƙi shiga. In wuta ta dawo, zangon 5 GHz kan ɓace na ɗan lokaci a wasu AP ɗin. Biyu daga cikinsu kuma, waɗanda suka fi nisa da suwic, suna mutuwa su tashi da kansu.

Shin ƙarin AP ake bukata, ko akwai saitin da zai gyara wannan? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan_Sadarwa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi AP ko ɗaya tukuna. Ƙarancin sigina ba shi ne ciwonka ba, yawanta ne. Wi-Fi kamar zaman zaure yake: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, saura su jira. Duk na'urar da ke kan tasha ɗaya, in ta ji wata tana watsawa da ƙarfin da ya kai -82 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ne, -60 ya fi -80 ƙarfi), dole ta yi shiru har waccan ta gama. AP huɗu a doguwar baranda, ba bango tsakaninsu, kowace na ihu da ƙarshen ƙarfinta, duk suna jin juna sarai. Ka biya kuɗin takwas amma aikin biyu ko uku kake samu.

Fara da faɗin tasha. Zangon 2.4 gaba ɗayansa daga 2400 zuwa 2483.5 MHz ne, tashoshinsa kuma tazarar 5 MHz kawai ke tsakaninsu, shi ya sa uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Faɗin 40 MHz yana cinye kusan rabin zangon da AP ɗaya. Mayar da shi 20 MHz, kuma kada ka bar na'ura ta zaɓi 3 ko 4 ko 9. AP biyu a tasha ɗaya aƙalla suna fahimtar juna su yi layi. AP a tasha 3 kusa da wata a tasha 1 kuwa ba sa fahimtar juna, kowace hayaniya ce ga 'yar'uwarta, sai fakit ya lalace a sake aikowa.

Tashoshi uku ba za su ishi rediyo takwas ba. Kashe 2.4 a kan uku ko huɗu daga cikinsu, ka bar sauran a warwatse, misali 1 da 11 a ƙasa, 6 da 1 a sama, waɗanda suka haɗa tasha su kasance a ƙarshe daban-daban na ginin. Kada ka kashe 2.4 gaba ɗaya, domin da yawa daga wayoyi masu araha da ke hannun ɗalibai shi kaɗai suke da shi.

A zangon 5, in ka cire tashoshin DFS, waɗanda ake rabonsu da rada, abin da ya rage shi ne 36, 40, 44, 48 sannan 149, 153, 157, 161, 165, gwargwadon abin da lambar ƙasar da ka saita ta buɗe maka. A faɗin 80 MHz waɗannan duka tasha biyu ce kacal, wato AP huɗu-huɗu suna rabon kowace. A 40 MHz huɗu ne. A 20 MHz tara ne, kowace AP ta samu tata ita kaɗai har da rara. Ga gini mai na'ura 250 ni 20 MHz zan saka ban da wani tunani. Gaskiya ne lambar da waya ke nunawa za ta sauka: waya mai eriya biyu a 802.11ac takan nuna 866 Mbps a 80 MHz, ta koma 173 a 20 MHz. Amma layinka 200 ne kacal ga kowa da kowa, kuma 173 sau takwas da ba ta jiran kowa ta fi 866 sau biyu da ake turereniya a kai. Ƙari a kan haka, duk ninkin faɗi yana ƙara hayaniya da 3 dB, don haka a 80 MHz ka yi asarar 6 dB na tsabtar sigina, wanda ake ji a cikin ɗakunan da ke bayan bulo.

Ɓacewar 5 GHz bayan dawowar wuta aikin DFS ne, ba lalacewa ba ce. Tashoshi 52 zuwa 64 da 100 zuwa 144 ana rabonsu da na'urorin rada na jiragen sama da na yanayi. Doka ta sa AP ta saurara daƙiƙa 60 kafin ta fara watsawa a kansu, kuma a tsarin Turai tashoshi 120, 124 da 128 sauraronsu minti 10 ne. In ta ji abin da ya yi kama da rada tana tsakiyar aiki, sai ta bar tashar, ba ta komawa sai bayan minti 30. Inda wuta ke ɗaukewa sau da yawa, ko ginin yana kusa da filin jirgi, guje musu ya fi. Kuma lambar ƙasa ka saka ta gaskiya, kada ka saka ta wata ƙasa don samun ƙarin ƙarfi, domin waya na iya ƙin ganin tashar da ba a yarda da ita a inda take ba.

Sai ƙarfi, wanda nan ne mutane suka fi tafka kuskure. AP na iya watsawa da 23 dBm, wato 200 mW, waya kuma ƙarfinta bai cika wuce 15 dBm ba. Layukan da waya ke nunawa suna faɗin yadda ita take jin AP ne, ba yadda AP take jin ta ba. Shi ya sa sigina take cike amma saƙo ba ya tafiya, kuma shi ya sa waya ba ta ganin dalilin barin AP ɗin ƙasa. Fara da 2.4 a 10 zuwa 12 dBm, 5 GHz a 16 zuwa 18 dBm. Tazarar 6 dB ɗin nan da gangan ce: a nisa ɗaya siginar 5 GHz tana raunana da kusan 6 zuwa 7 dB fiye da ta 2.4, in ba ka cike giɓin ba wayoyi za su riƙa zaɓar 2.4 don ta fi ƙarfi. Duba ko lambar da manhajarka ke nunawa ta haɗa da ƙarin eriya ko ba ta haɗa ba, kamfanoni sun bambanta a nan.

Abin da kake nema shi ne -67 dBm ko sama da haka a ƙuryar kowane ɗaki, ƙofa a rufe. In ka rage ƙarfi ka ga ɗakuna sun faɗi ƙasa da -72, kada ka mayar da ƙarfin. Wannan alama ce cewa baranda ba wurin AP ba ne. Shigar da su cikin ɗakuna, ɗaya a wannan ɓangare ɗaya a wancan, bangon da ke hana ka yanzu shi ne zai raba su da juna.

Malama_Fasaha:

Injiniya ya gama da tashoshi da ƙarfi, ban da abin ƙarawa a can. Amma malam, SSID huɗun nan suna cin iska fiye da yadda kake zato, bari in yi maka lissafin.

Kowane SSID yana yin shelar kansa sau ɗaya a duk milisakan 102.4, kusan sau goma a daƙiƙa, kuma ana aika shelar ne da mafi ƙanƙantar gudun da aka bari a kunne. A zangon 2.4 wannan gudun 1 Mbps ne in ba a taɓa shi ba. Ɗauki shela mai bayit 300: bit 2400 ke nan, milisakan 2.4, a haɗa da gabatarwar 0.192, ya zama kusan 2.6. Wato kashi 2.5 cikin 100 na lokacin tasha ga SSID ɗaya a AP ɗaya. SSID huɗu, kashi 10. AP uku masu jin juna a tasha ɗaya, kashi 30. Kusan sulusin iska ya tafi kafin ɗalibi ɗaya ya buɗe shafi. Ban ma lissafa amsoshin da AP ke ba wayoyin da ke laluben hanyar shiga ba, su ma a 1 Mbps suke fita.

Magani biyu ne. Na farko, ɗaga mafi ƙanƙantar gudu. Kashe 1, 2, 5.5 da 11 Mbps, waɗanda na 802.11b ne na shekarar 1999, sannan ka kashe 6 da 9, ka bar 12 a matsayin na ƙasa. Shelar nan ta 2.6 sai ta koma kusan 0.23, kashi 30 ya sauka ƙasa da 3. A zangon 5 ma saka 12. Akwai masu saka 24, kuma yana da kyau a babban ɗakin taro, amma a bayan bulo yakan bar ƙuryoyi babu shiga, saboda 24 na bukatar sigina mai tsabta fiye da 12. Abin da zai iya lalacewa: tsohuwar firinta ko na'urar da 802.11b kaɗai ta sani ba za ta ƙara ganin Wi-Fi ɗin ba. Irin wannan a ja mata kebul.

Na biyu, rage SSID zuwa biyu, in ya yi yawa uku. Kyamarori ba su da abin yi a iska, suna turo bidiyo dare da rana ba hutu, a mayar da su kebul. Ma'aikata da ɗalibai za su iya zama a SSID ɗaya a raba su da VLAN, wato kowane rukuni da sashensa a hanyar sadarwa ɗaya, ko ta WPA2-Enterprise da sabar RADIUS mai tantance kowa da nasa sunan shiga, ko ta tsarin kalmar sirri daban-daban a suna ɗaya in na'urorinka suna da shi. Tazarar shela ka bar ta a 100, kada ka ɗaga ta don rage cunkoso, wayoyi za su daɗe kafin su gano AP ta gaba.

TKIP ka kashe shi yau. Ƙa'idar 802.11n ta hana amfani da shi a manyan gudu, don haka duk na'urar da ta shiga da TKIP ba ta wuce 54 Mbps, kuma a yanayin gauraye saƙonnin da ake aika wa kowa da kowa da shi ake kulle su. Saka WPA2 da AES zalla. WPA3 ya fito tun 2018 kuma ya fi ƙarfi, amma yanayinsa na gauraye da WPA2 yana sa wasu tsofaffin wayoyi su ƙi shiga ba tare da wani bayani ba, sai dai su ce kalmar sirri ba daidai ba ce. Gwada shi a SSID ɗin ma'aikata tukuna. Haka PMF, wato 802.11w mai kare saƙonnin shiga da fita tsakanin waya da AP, saka shi a zaɓi ba dole ba, sai in WPA3 zalla kake yi, inda can dole ne. WPS, wato shiga da lambar PIN ko danna maɓalli, a kashe: tun 2011 aka nuna cewa lambarsa mai takwas ana duba ta rabi-rabi, gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa ta. Ɓoye sunan SSID da tace adireshin MAC kuwa ba tsaro ba ne, musamman tunda Android 10 da iOS 14 suka fara ƙirƙirar MAC na bogi ga kowace hanyar shiga. WMM, mai fifita murya da bidiyo a iska, kada ka kashe shi ko da wani ya ce yana rage gudu, in ba shi yawancin na'urori sukan faɗo 54 Mbps.

Abu na ƙarshe da ake mantawa: saƙonnin taro, irin na mDNS da kwamfutoci da wayoyi ke watsawa suna neman firinta ko talabijin. Na'ura 250 a VLAN ɗaya suna yawan yin su, kuma AP tana maimaita kowanne a mafi ƙanƙantar gudu. Kunna keɓe masu shiga daga juna a SSID ɗin ɗalibai da baƙi, kunna IGMP snooping a suwic, da wakilcin ARP a AP in akwai. Ka sani keɓewar za ta hana tura bidiyo daga waya zuwa talabijin, in akwai masu bukata sai a buɗe musu ta musamman. DTIM, wato bayan shela nawa AP ke sakin saƙonnin taro, ka bar shi a 1 zuwa 3. In ka ɗaga shi sosai batirin waya zai ɗan huta, amma saƙonnin taro za su riƙa jinkiri.

Tsohon_Ma'aikaci:

Yaro, matsaloli biyu cikin shida da ka lissafa ba a iska suke ba, a kebul da rauta suke, kuma ko ka gyara duk abin da aka faɗa a sama za su ci gaba.

Wayar da ta tsaya a neman IP: /24 adireshi 254 ne, cire na rauta, suwic, AP takwas da kyamarori. Na'urori 250 da wa'adin kwana ɗaya, ga baƙon da ya shigo da safe ya tafi amma adireshinsa na riƙe har gobe. Rumbun ya ƙare ke nan. Buɗe teburin DHCP da ƙarfe tara na dare za ka gani da idonka, kwamfutar da abin ya shafa kuma za ka same ta da adireshi mai farawa da 169.254. Faɗaɗa zuwa /22, mas 255.255.252.0, adireshi 1022. Wa'adin ɗalibai awa 4 zuwa 8, na baƙi awa 1 ko 2. Kunna DHCP snooping, mai hana wata na'ura raba adireshi, a suwic, ka amince da tashar rauta kaɗai, domin ɗalibi ɗaya da ya jona ƙaramar rautarsa ta ramin LAN zai fara raba wa mutane adireshin da ba ya zuwa ko'ina. Sannan tabbatar duk takwas ɗin a yanayin AP suke, ba yanayin rauta ba. In kowace na yin NAT da DHCP nata, adireshin waya zai canza duk lokacin da ta ƙaura, kira kuwa dole ya yanke.

AP biyun da ke mutuwa su tashi, wuta ce ba ta isar su. 802.3af yana ba da wat 15.4 daga suwic, 12.95 ke isa na'ura. 802.3at yana ba da 30, 25.5 ke isa. Duba takardar AP ɗin ka ga wanne take so, sannan duba jimillar abin da suwic zai iya bayarwa, ba na rami ɗaya ba. Suwic mai rami takwas da jimillar wat 60 ba zai riƙe AP takwas masu cin wat 12 ba, lissafin 96 ne. Da rana ba sa cin ƙarshen wutarsu shi ya sa suke zaune lafiya, da daddare in rediyo biyu suka ɗauki kaya sai suwic ya yanke wa wasu.

Tunda na nesa ne ke yi, na fi zargin kebul. Kasuwa cike take da CCA, wato alminiyum da aka shafa wa tagulla a sama, kwalin kuma an rubuta Cat6. Alminiyum kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da tagulla ke ɗauka yake ɗauka, sai bolt ya faɗi a doguwar tafiya, ga saurin karyewa a bakin RJ45. Kankare silin waya ɗaya da reza: in fari ya fito a ciki, CCA ne, a canza shi da tagulla zalla. Tsawo kada ya wuce mita 100. Duba kuma gudun kowane rami a suwic. Gigabit na bukatar sili takwas duka, 100 Mbps na bukatar 1, 2, 3 da 6 kaɗai, don haka kan da aka matse ba daidai ba zai yi aiki amma a 100, ba wanda zai lura. Kuma kada a haɗa PoE na bolt 24 marar tattaunawa da na'urar 802.3af ko akasin haka ba tare da karanta takarda ba, ana ƙona rami ta nan.

Kashe haɗin AP da AP ta iska a duk wadda ke da kebul. In wuta ta dawo AP ta riga hanyar kebul tashi, takan kama maƙwabciyarta ta iska ta zauna a haka, gudu ya rabu biyu. Suwic da rauta kuma a ɗora su kan inbata ko UPS, sauyin janareta kaɗai ya isa ya tayar da ginin gaba ɗaya.

Ƙanin_Kowa:

Na gode ƙwarai Injiniya, Malama, da Baba. Saura batun liƙewa da yankewar kira. A manhajar akwai wurin saka mafi ƙanƙantar RSSI, wato ƙarfin sigina, akwai 802.11k, 802.11v da 802.11r, akwai tura waya zuwa zangon 5, ga kuma RTS a 2347 da rarraba fakit a 2346. In kunna su duka ne? An ce mini in saka RSSI a -65 wayoyi za su daina liƙewa.

Injiniyan_Sadarwa:

A'a, -65 zai jawo maka ƙorafin da ya fi na yanzu. Waya ce ke yanke shawarar ƙaura, ba AP ba. Apple ya bayyana nasa tsarin: iPhone ba ta fara neman wata AP sai sigina ta faɗi zuwa -70 dBm, kuma sabuwar sai ta fi ta yanzu da 8 dB in ana tura bayanai, ko 12 dB in waya na zaune. Mac kuwa sai -75. Wayoyin Android kowane kamfani da nasa. Da ƙarfi a ƙarshe, wayar da ta hau sama tana iya jin AP ɗin ƙasa a -62, ba ta kai inda za ta nemi wata ba. Rage ƙarfin da muka yi magana shi ne kashi mafi girma na maganin.

Mafi ƙanƙantar RSSI kora ce: AP ta yanke wayar da ƙarfi. In akwai AP mafi kusa, to madalla. In babu, wayar za ta dawo, a sake korar ta, ɗalibin da ke ɗakin ƙarshe ya kwana yana shiga yana fita. Ka bar shi a kashe har ka gama aunawa. In har sai ka saka, -78 zuwa -80, kuma ka tuna lambar yadda AP take jin waya ce, wadda ta kan yi ƙasa da abin da waya ke nunawa.

802.11k kunna shi: yana ba waya jerin AP na kusa da tashoshinsu, ba sai ta bi tasha-tasha tana lalube ba, kuma wannan laluben ne yakan sa murya ta yanke. 802.11v ma kunna shi, shawara ce AP ke ba waya ta koma wata, ba kora ba. 802.11r ne ke son taka-tsantsan. Amfaninsa babba yana ga WPA2-Enterprise, inda in ba shi sai waya ta sake tantancewa da sabar RADIUS a kowace ƙaura. Da kalmar sirri ta gama-gari ribarsa kaɗan ce, kuma wasu tsofaffin wayoyi da firintoci in suka ga alamarsa a shela sai su ƙi shiga. Gwada a SSID ɗaya da mafi tsufan wayoyin da za ka samu. Duk wannan ba zai yi aiki ba sai suna, kalmar sirri, nau'in tsaro da VLAN sun zama iri ɗaya a AP takwas ɗin.

Tura waya zuwa zangon 5 saka shi a fifitawa, ba tilastawa ba. Na tilas yana aiki ne ta hanyar ƙin amsa wa waya a 2.4, kuma in 5 ba ta kai ɗakin da kyau ba, shiga zai riƙa ɗaukar lokaci.

Rarraba fakit kada ka taɓa. RTS kuma an yi shi ne don na'urori biyu da ke jin AP amma ba sa jin juna, kamar ɗakuna biyu a ɓangarori daban na baranda, sai su yi magana lokaci guda fakit ya yi karo. Gininka na da wannan siffar, amma saitin da ke AP ya shafi abin da AP ke aikawa ne, karon kuwa daga wayoyi yake zuwa, su kuma kowace da nata tsarin. Rage lambar a AP yakan ƙara kaya ne kawai. Shigar da AP cikin ɗakuna ya fi shi magance wannan.

Malama_Fasaha:

Na yarda da Injiniya, sai dai a kan RSSI ina ganin a 2.4 yana da amfani ko tun yanzu, a -80, saboda waya ɗaya mai rarrafe a can nesa tana riƙe tasha lokaci mai tsawo kowa na jiranta. Kunna rabon lokacin iska daidai-wa-daida shi ma yana rage wannan.

Malam, kada ka canza komai a dare ɗaya, in wani abu ya lalace ba za ka san wanne ba ne. Ajiye kwafin saitin yanzu. Ranar farko kebul, PoE da DHCP. Ta biyu faɗi, tashoshi da ƙarfi. Ta uku gudu, SSID da tsaro. Ƙaura a ƙarshe. Sanar da ɗalibai kafin canjin tsaro, domin wasu wayoyin sai an manta da Wi-Fi ɗin an sake shiga.

Aunawa kuma ka yi ta da daddare mutane na ciki, jikin mutum yana shanye sigina, ginin da babu kowa ƙarya yake faɗa. Kada ka dogara da gwajin gudun intanet, yana haɗa laifin layi da na iska. Jona kwamfuta ɗaya da kebul ka kunna manhajar auna gudu ta iperf3 da umarnin iperf3 -s, daga wata a Wi-Fi ka buga iperf3 -c da adireshin ta farko. A Windows, netsh wlan show interfaces zai nuna BSSID (lambar AP ɗin), tasha da gudun da kake kai, ta haka za ka san AP ɗin da ka kama. A Mac danne Option ka taɓa alamar Wi-Fi. Bar ping yana tafiya zuwa rauta ka bi baranda ka hau bene: ɓatan amsa ɗaya a wurin ƙaura ba komai, biyar a jere akwai gyara. A manhajar AP duba cikar tasha da yawan sake aikawa. Cika ta wuce kashi 60 ko sake aikawa ya wuce kashi 15, wannan rediyon na cikin matsi, kuma a 2.4 sau da yawa MiFi da hotspot na ɗalibai ne ke ƙara shi.

In ping zuwa rauta yana ƙasa da milisakan 10 amma zuwa waje yana haura ɗaruruwa da daddare, to iska ta gyaru, layin 200 ɗin ne ya cika. Nan sai ka koma rauta ka kunna fq_codel ko CAKE, masu tsara layin fakit don rage jinkiri, waɗanda OpenWrt da RouterOS 7 suke da su, ka saita iyaka a kusan kashi 90 na gudun layin a hawa da sauka, wato wajen 180 a sauka. Sannan ka sa wa kowane ɗalibi rufi na 5 zuwa 10 Mbps a SSID ɗinsu.